Mai Masauki da Mai Bincike: Inda Kuɗin Nazari Ya Bi a Ƙasar Ƙwanni da Adar

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Ƙwanni daren jajibirin kasuwar Laraba ya san cewa garin yana kwana da mutane fiye da waɗanda aka ƙidaya a cikinsa. Motocin da suka taso daga Yamai, bayan tafiyar kilomita sama da 400, a nan suke shan iska kafin su miƙa Maraɗi da Damagaram, ko su karkata a Tsarnawa su nufi Tawa da Agadas. Masu shayi suna hura wuta har asuba, mata masu tuwo da shinkafa suna kwashe tukunya ta biyu, ƴan canji suna lissafin naira da sefa a bakin hanyar da ta gangara iyaka. Kaɗan ne daga cikin baƙin nan suke kama ɗaki a otal. Da yawansu suna da gidan da suke sauka, zauren wani dattijo da ya san ubansu ko ya san wanda ya aiko su, kuma shi ne zai nema musu mai saye, ya tsaya musu idan ciniki ya rikice.

A jami'o'in duniya, saukar baƙi da ciyar da su ya daɗe da zama fannin ilimi mai zaman kansa, yana da sassa da mujallu, malamansa kuma suna gasar neman tallafin kuɗi domin su yi bincike a kansa. Saboda haka ya dace a tambaya: a yanki irin wannan, inda gundumomin Ƙwanni da Malbaza da Illela suka rayu ɗaruruwan shekaru da karɓar matafiya, me kuɗin bincike ya yi da wannan sana'a? Tarihi ya nuna cewa kuɗin ya sha zuwa, tun daga shekarar 1906 har zuwa yau, sai dai kowane zuwa da tambayar mai kuɗin yake tafe. Mai masauki ya shimfiɗa wa masu binciken tabarma, ya haɗa su da waɗanda za su yi hira da su, amma da aka zo rubutu sai ya samu gurbi a gefen shafi.

Gidan fatoma

Ƙasar Adar da ta Ƙwanni suna kan hanyar da ta haɗa Abzin da kwarin Gulbin Kabi. A shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Musulmin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci Adar da yaƙi, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Ya kamata mai karatu ya bambanta wannan Illela ta jihar Tawa da takwararta ta jihar Sakkwato, wadda take fuskantar Ƙwanni daga ƙetaren iyaka. A ƙarni na 19, lokacin da Ƙwanni take ƙarƙashin inuwar Sakkwato, ayarin Buzayen Kel Geres sukan gangaro da gishiri da dabino da dabbobi, su koma da hatsi da tufafi. Goron Gwanja kuma yana isowa ta hannun fatake. Kowane ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana kuma yada zango a bayan gari. Amma zango wurin kwance kaya ne da shayar da dabba. Ciniki na gaske yana faruwa ne a cikin gari, a gidan mutumin da Hausawa suke kira fatoma, ko mai masauki, ko kuma maigida kawai.

Karamci ga baƙo tsohuwar ɗabi'a ce. Addini ya ba baƙo haƙƙin liyafa ta kwana uku, al'ada kuma ta ce baƙonka annabinka. Abin da fatoma ya yi shi ne ya ɗauki wannan ɗabi'a ya gina sana'a a kanta, ba tare da ya zubar mata da mutunci ba. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Yana ba falke wurin kwana da abinci, ya kulle masa kaya a ɗakin ajiya, ya riƙe masa kuɗi, ya sanar da shi farashin gari da halin kowane mai saye. Idan baƙon bai iya harshen kasuwa ba, ya yi masa tafinta. Idan ya shiga hannun hukuma, ya je ya fito da shi. Yana da dillalai da suke aiki a ƙarƙashinsa, kuma abin da yake samu yana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannunsa, da kyautar da baƙo zai bari idan ya tashi tafiya.

Mafi nauyin aikinsa shi ne lamuni. Falke ba zai iya zama wata guda yana jiran wanda zai biya lakadan ba, mai saye kuma sau da yawa ba shi da kuɗi sai ya sayar. To, fatoma ne yake shiga tsakani, ya ce a ba wane bashi, idan bai biya ba a kansa. Da wannan kalma guda dukiya take sauya hannu tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Jarinsa ke nan: amana, da ɗakuna, da mutane. Akwai kuma wani jari da ba a cika faɗa ba, wato matan gidan, waɗanda suke daka da niƙa da girki na mutum goma ko ashirin da ba su san da zuwansu ba sai da aka yi sallama a zaure. Gidan da tuwonsa ya yi suna ba ya rasa baƙi.

Kuɗin farko na iyaka ne

Turawan farko da suka rubuta labarin ƙasar Hausa, su ma baƙin masu masauki ne. Heinrich Barth, wanda gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin tafiyarsa daga 1850 zuwa 1855 domin neman hanyoyin ciniki, ya shiga Kano a 1851 da bashi a wuyansa, kuma da lamunin ƴan kasuwa ya ci gaba da tafiya. Ƙwanni kuwa da wasu irin baƙi ta fara haɗuwa. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda Faransa ta tura tafkin Cadi da guzuri kaɗan, tana ci daga abin da ta ƙwace a hanya, ta afka wa birnin, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Har yau wannan rana ba ta fita daga bakin dattawan garin ba.

Bayan wuta sai awo. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta bar wa Ingila, abin da ya sa Ƙwanni ta faɗa ɓangaren Ingilishi a kan takarda. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin Yamai da Damagaram, suka nemi gyara, aka yi musu a 1904 da 1906. Daga nan aka tura Kyaftin Tilho, tare da takwaransa na Ingila Manjo O'Shee, su kafa alamun iyaka. Tawagar Tilho ta yi aiki daga 1906 zuwa 1909, kuma bincike ne mai cikakken kasafi da aka gudanar a wannan yanki. Ta auna taurari domin tantance matsayin garuruwa, ta lissafa rijiyoyi, tafintanta Landeroin kuma ya zauna da fadawa ya rubuta jerin sarakunan Ƙwanni da na Adar da na Gobir. Shi da Tilho har nahawu da ƙamus na Hausa suka wallafa. Aiki ne mai amfani, masana suna komawa gare shi har gobe. Amma Ma'aikatar Mulkin Mallaka ce ta biya, kuma abin da take son sani shi ne wa yake mulkin wa, ina ruwa yake, ina layi zai bi.

Mulkin mallaka ya kawo nasa salon masauki. A manyan zangunan hanya an gina gidajen saukar jami'ai, waɗanda Faransawa suke kira kampama. Talakawa ne suke gina su da aikin dole, su yi yaɓe, su kawo ruwa da itace da ƙwai da kaji duk lokacin da kwamanda ya zo rangadi, har zuwa 1946 da dokar Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas. Tun daga wannan lokaci saukar baƙi ta rabu biyu a idon hukuma: akwai wadda take cikin rajista, akwai kuma ta zaure, wadda take ɗauke da mafi yawan matafiya amma ba ta cikin kowane lissafi.

Zamanin tallafin jami'o'i

Shekarun samun ƴancin kai sun zo daidai da yaƙin cacar baka, lokacin da manyan ƙasashe suka ga suna bukatar masana Afirka. Amurka ta yi dokar 1958 da ta zuba kuɗi a koyar da harsunan waje, har da Hausa, ta ƙara da dokar Fulbright-Hays a 1961. A shekarar nan ta 1961 rahoton Hayter ya buɗe wa jami'o'in Ingila sababbin guraben nazarin Afirka da Asiya. Faransa tana da CNRS da ORSTOM. A cikin wannan yalwa ne mai masaukin Bahaushe ya fara shiga littattafan jami'a, amma a can nesa da gida aka same shi.

Abner Cohen, malami a makarantar SOAS ta Landan, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 da 1963. Ya tarar ana sayar da shanu kimanin 75,000 a shekara a kasuwar birnin, waɗanda aka koro daga arewa, mafi yawa kuma bashi ake ba mahautan Yarabawa, babu takarda, babu banki, babu kotu. Da ya bi diddigin abin da yake riƙe da wannan tsari sai ya iske maigida: mai gidajen saukar fatake, mai dillalai da malaman lissafi da barori, wanda sunansa yake zama jingina. Littafinsa na 1969 ya nuna cewa siyasar unguwar da sarautarta duk a kan gidajen baƙi suka ginu. Polly Hill, wadda ta yi aiki a Jami'ar Gana, ta ga irin wannan tsari a Kumasi, ta bayyana shi a wata maƙala da mujallar Cahiers d'études africaines ta Faris ta buga a 1966. Paul Lovejoy ya tattara bakin tsofaffin fataken goro a Kano, littafinsa ya fito a 1980. Michel Agier, da kuɗin ORSTOM, ya yi nazarin masu gida na zangon Lome, ya wallafa a 1983.

Duka waɗannan ayyuka sun dubi ƙarshen hanya, inda saniya take isa hannun mahauci, inda goro yake shiga huhu. Farkon hanyar, wato kasuwannin dabbobi irin ta Badagishiri da zaurukan Ƙwanni inda ake haɗa garke a tsallaka da shi, bai samu irin wannan kulawa ba. Dalili a fili yake. Tambayar da ake biya a amsa a lokacin ita ce yadda ƙabilu suke zama a sababbin biranen Afirka, da yadda bashi yake tafiya inda babu banki. Ibadan da Kumasi da Lome suna da amsar, kuma suna kusa da jami'o'i da filayen jiragen sama.

Wannan ba ya nufin an bar Adar babu masu nazari. Cibiyar IFAN da aka buɗe a Yamai a 1944, wadda Boubou Hama ya taɓa shugabanta, ita ce ta rikiɗe ta zama IRSH, ta shiga cikin Jami'ar Yamai a 1974. A jerin littattafanta na Études nigériennes aka buga, a shekarar 1975, ayyuka biyu da suka zama ginshiƙi: na Nicole Échard ta CNRS a kan tarihin manoman Adar, da na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. Pierre Bonte kuma ya yi nazarin tattalin arzikin Kel Geres. Hamani ya bi gari gari yana jin bakin dattawa, a lokacin da sabuwar ƙasa take neman tarihin sarautunta domin ta nuna cewa ba da zuwan Bature ta fara ba. Wannan bukata ce ta gaskiya, an kuma biya ta. Fatake da hanyoyinsu sun fito a cikin waɗannan littattafai, sai dai gidan da suke sauka bai zama jigon wani littafi ba.

Kwalta, otal da ƙarancin kuɗi

A halin nan kuwa baƙin yankin suna ƙaruwa, suna kuma sauya kama. Asibitin mishan na Galmi, wanda ya fara aiki a 1950, ya jawo marasa lafiya daga Nijar da Najeriya, kowane majinyaci kuma da masu jinyarsa, waɗanda suke bukatar wurin kwana da wurin ɗora tukunya. Masana'antar siminti ta Malbaza, tun daga tsakiyar shekarun 1960, ta tara ma'aikata da direbobin manyan motoci masu jiran lodi. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara da Kwatano, masu sayenta kuma suna zuwa su sauka a hannun ƴan gari da suke haɗa su da manoma, suna tara buhuna, suna neman mota, aikin fatoma sak a cikin sabuwar riga. Da aka kammala hanyar Tawa zuwa Arlit wajen 1980, da kuɗin yuraniyom, sai ga matasan Turai suna ratso Sahara da tsofaffin motocin Peugeot, su sayar, su kwana a ƙananan otal-otal da filayen kafa tanti na Ƙwanni. Wannan kasuwa ta ƴan yawon buɗe ido ba ta daɗe ba. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, sun kashe ta. Zauren fatoma kuwa bai rufe ba, domin baƙinsa ba su dogara da shawarar ofishin jakadanci ba.

Adarawa su kansu baƙi ne a wasu wurare. Duk rani samari suna fita bida zuwa Kano da Legas da Abijan da Libiya, kuma kowa ya san gidan ɗan garinsu da zai sauka kafin ya samu abin yi. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 a kan Adar daga zamanin bauta zuwa zamanin agaji, ta nuna yadda wannan tafiya take riƙe da gidaje fiye da ayyukan raya karkara da aka kashe wa maƙudan kuɗi.

Daidai lokacin da abin nazari ya yawaita, sai aljihun jami'a ya bushe. Faɗuwar farashin yuraniyom da tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 sun bar Jami'ar Yamai tana fama da biyan albashi da alawus ɗin ɗalibai, balle kuɗin fita daji. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka tsadar littafi da tafiya. Malamin da yake son ƙarin girma dole ya gabatar wa hukumar CAMES da ke Wagadugu maƙalolin da ya wallafa, kuma ba a rubuta maƙala sai da man mota da kuɗin kwana. Wanda yake da su shi ne mai aikin raya ƙasa, wanda yake neman rahoto cikin mako shida a kan fari, ko rijiyoyi, ko noman rani. Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai a 2001, ya yi kuka a rubuce da yadda aikin kwangila irin wannan yake cinye lokacin masana, ya hana su bincike mai dogon zango. Ƙungiyar CODESRIA ta Dakar ta yi ƙoƙari da ƙananan tallafinta na rubuta kundin digiri, amma ɗigo ne a cikin rairayi.

Duk da haka an samu ayyuka masu kyau da suka matso kusa. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana dangantakar ubangida da bara, da abin da ƴan kasuwa suke kira arzikin mutane. William Miles, da tallafin Fulbright, ya zauna a ƙauyuka biyu, Yardaji da Yekuwa, da iyaka ta raba a tsakanin Daura da Magarya, littafinsa ya fito a 1994. Wanda ya zo Ƙwanni kanta shi ne Olivier Walther, masanin labarin ƙasa, a farkon shekarun 2010, da kuɗin asusun bincike na ƙasar Luksambur. Ya zana taswirar hulɗar manyan ƴan kasuwa a Ƙwanni da Illelar Najeriya, ya kwatanta ta da ta Gaya da Malanbil da Kamba. Sakamakon da ya wallafa a 2015 ya nuna cewa inda ciniki ya girmi iyaka, kamar a Ƙwanni da Illela, layin Tilho bai yanke zumuncin kasuwa sosai ba, saɓanin inda ƴan kasuwar zuwa suka yi daga baya. Duk ɗan Ƙwanni zai ce ai zaurukan da kakanni suka sauka su ne suka ɗaure wannan zumunci. Amma tambayar da aka ba da kuɗi a amsa ta haɗewar tattalin arzikin Afirka ta Yamma ce, don haka aka ƙidaya igiyoyin hulɗa, ba a shiga cikin gida ba.

Wa yake biya a wasu wurare?

Idan aka dubi ƙasashen da wannan fanni ya kafu, za a ga masu sana'ar ne da kansu suka ɗauki nauyinsa. Makarantar otal ta Lozan, a Suwizalan, masu otal ne suka kafa ta a 1893. Sashen Jami'ar Cornell ta Amurka ya fara a 1922 bisa roƙon ƙungiyar masu otal, daga baya dukiyar Ellsworth Statler ta gina shi. Kwalejin Utalii ta Nairobi, wadda aka buɗe a 1975 da taimakon Suwizalan, an ɗora ta a kan wani haraji na musamman da ake karɓa daga otal-otal da gidajen abinci. A Najeriya, asusun TETFund na dokar 2011, wanda ya gaji asusun harajin ilimi na 1993 da ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya buɗe wa malaman jami'o'in gwamnati ƙofar neman kuɗin bincike. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai biya da aka sani, kuma binciken yana kallon inda mai biyan yake kallo: yawan ɗakunan da aka kama, gamsuwar baƙo, horar da ma'aikata.

Fatoma ba shi da ƙungiya mai rajista, ba ya cikin kundin ma'aikatar yawon buɗe ido, ba ya ba da rasit. Matar da take ciyar da direbobi a tashar Malbaza ba ta da wanda zai rubuta takardar neman tallafi da sunanta. Idan aka auna saukar baƙi a jihar Tawa da ma'aunin Lozan, za a ƙirga otal-otal ƙalilan a ce sana'ar ba ta da ƙarfi, alhali dubban mutane suna kwana suna tashi a hannun wasu kowane mako.

Abin da yake shirin ɓacewa

Yau abubuwa biyu sun sauya. Na farko, jami'a ta matso kusa. Tun 2010 Tawa take da jami'arta, mai tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, kuma a yanzu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, mutumin da ya rubuta tarihin Adar. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ba ta kai tafiyar kilomita 100 daga Ƙwanni ba. A cikin ɗaliban jami'o'in nan biyu akwai jikokin masu masauki, waɗanda ba sa bukatar tafinta ko takardar gabatarwa kafin su zauna a zaure.

Na biyu, sana'ar tana sauyawa da sauri. Wayar salula ta ɗauke wa fatoma sirrin farashi. Binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsi na Nijar, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa shigowar waya tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Kamfanonin aika kuɗi sun ɗauke masa ajiya. Motocin safa masu tafiyar dare sun rage kwanan hanya. Abin da ya saura a hannunsa shi ne lamuni da tsayawa baƙo a ranar wuya, kuma ranakun wuya ba su yi ƙaranci ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986. Ta sake rufewa a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe ƙofar Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake datse hanyar har zuwa Maris na 2024. A kowane karo motoci sun yi dogon layi, kaya sun lalace, baƙin kwana biyu sun zama na watanni. An yi lissafin asarar kwastan da ta manyan ƴan kasuwa. Wanda ya ci gaba da ɗora tukunya ga baƙon da kuɗinsa ya ƙare, da yadda aka warware basussukan da aka ɗauka da sunansa, wannan yana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda abin ya shafa kawai.

Irin binciken da ake bukata ba mai tsada ba ne. Yana bukatar na'urar ɗaukar murya, da kuɗin mota tsakanin Ƙwanni da Galmi da Badagishiri da Illela, da ɗan abin da zai riƙe malami da ɗalibansa biyu ko uku na tsawon shekara, ba mako shida ba. Tambayoyin ma a shirye suke. Waɗanne gidaje ne suka gaji saukar baƙi, kuma daga wane gari baƙin kowane gida suke zuwa? Yaya ake raba la'ada tsakanin maigida da dillali? Me yake faruwa idan wanda aka lamunta ya gudu? Nawa matan gida suke kashewa, me suke samu? Wane ne ya sauya zaurensa ya zama ɗakunan haya, me ya sa? Ya kamata a ɗauki hirarrakin da Hausa, a ajiye su da Hausa, a wallafa sakamakon da Hausa da Faransanci, domin waɗanda suka ba da labarin su ji abin da aka rubuta a kansu. Ɗalibin da yake koyon aikin otal kuma zai amfana idan ya san cewa karin maganar da ta ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ƙa'idar aiki ce da wasu suka ci abinci da ita shekaru aru-aru.

Saura mai biya. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari tun a Tsarin Legas na 1980 cewa za su ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu domin bincike, alkawarin da har yanzu ake jiran cikarsa a mafi yawansu. Kafin ya cika, akwai na kusa: ma'aikatun magajin gari da suke karɓar harajin kasuwa da na tasha, da majalisar ƴan kasuwa, da hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, da manyan alhazan da iyayensu suka fara neman arziki a kan tabarmar wani. Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa wanda ya biya shi yake zaɓen tambaya. Dattawan da suka ga ayarin raƙuma na ƙarshe suna sauke gishiri a bayan Ƙwanni, suka kuma ga motar farko ta ɗauki albasa zuwa Abijan, sun haura shekara tamanin, kuma galibinsu suna nan a zaurukansu bayan sallar la'asar, inda duk mai sallama yake samun wurin zama.